Ranar da gani ya kasa korar ji: tarihin jirin tafiya, daga raƙumin ayari zuwa gilashin VR

 

Tarihinmu na yau na wata 'yar cuta ce da kowa ya sani, amma ba wanda ke son a ambace shi da ita: jirin mota. Wannan juwa da zufa mai sanyi da tashin zuciya da ke kama mutum tun bas bai wuce Gidan Rumji ba, har aparanti ya fara yawo da baƙar leda yana tambayar “wa ka so?”

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A kasuwa haka ne, a gaban alƙali ma haka ne. Amma a cikin jikin ɗan Adam akwai wurin da gani ba ya korar ji. In ido ya faɗi abu guda, jiki ya ji wani abu dabam, ba wanda ke janyewa, ciki ne ke biyan tara.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen yau shi ne, wanga jiri ya samu sabuwar ƙofa. Akwai gilashin da ake ɗaurawa a fuska ya rufe ido duka, mutum ya ga kansa cikin wata duniya kamar gaske, wanda da Faransanci ake kira réalité virtuelle, a taƙaice kuma VR. A ƙasashe da dama da shi ake koya wa matasa tuƙi, aikin asibiti, walda da aikin ma'adinai. Mutum na zaune kan kujera bai je ko'ina ba, amma sai ya tashi yana layi kamar wanda ya sauko daga motar Agadas. Kafin abin ya zama ruwan dare a wajenmu, ya kamata mu san asalinsa.

Doki bai sa kowa amai ba

Garuruwanmu garuruwan mahaya ne. Bayan faɗuwar birnin Katsina, Ɗan Kasawa da jama'arsa sun zauna Maradi wajen 1819. Gobirawa kuma, bayan Alkalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, sun kafa Tsibiri a zamanin Sarkin Gobir Mayaƙi. Duka biyu a bayan doki aka riƙe su. Amma duk labarun barade da muka gada, da wuya ka ji an ce wane ya yi amai saboda sukuwa.

Dalili biyu ne. Na farko, linzami na hannun mahayi. Ya san lokacin da doki zai zabura, ya san lokacin da zai ja burki, jikinsa ya riga ya shirya. Na biyu, girgizar doki gajera ce, mai sauri. Masu bincike a Amurka, a shekarun 1970, sun zaunar da mutane cikin wani ɗaki mai hawa da sauka suna canza saurinsa, suka gano cewa kaɗawar da ta fi tayar da zuciya ita ce mai nawa, wadda ke zuwa sau ɗaya cikin daƙiƙa 5 zuwa 6. Irin ta igiyar teku ke nan, da ta babbar mota mai laushin sifirin.

Raƙumi fa? Nan ne labari ya fara. Raƙumi na ɗaga ƙafar gaba da ta baya na gefe ɗaya a tare, shi ya sa wanda ke bisa yake rangaji dama da hagu. Buzun da ya tashi cikin ayarin gishirin Bilma bai san ma ana yi ba. Baƙo kuwa ya sani. Lokacin da Napoleon ya shiga Masar, ya kafa rundunar sojan raƙuma a 1799, kuma masu tarihin likitanci sun ruwaito cewa akwai sojojinsa da rangajin raƙumi ya riƙa tayar musu da zuciya kamar suna cikin jirgin ruwa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa: wanda ya saba lafiya lau, baƙo ke shan wuya.

Alhazan ƙafa da Bahar Maliya

Mu nan ruwanmu bai wuce Gulbin Maradi in ya kawo da damina ba, sai tabkin Madarumfa. Kakanninmu da suka fara sanin jirin teku alhazai ne. Kafin jirgin sama, mai niyyar Makka kan bi ta Barno, ya ratsa Wadai da Darfur, yana tafiya yana tsayawa noma ko ƙwadago don neman guzuri, wani shekara biyu, wani bakwai, wani ma can zai zauna har abada. In Allah ya kai shi Sawakin a bakin Bahar Maliya, saura kusan kilomita 300 na ruwa tsakaninsa da Jidda. Mutumin da ya taka Afirka daga yamma zuwa gabas da ƙafarsa, sai kwana biyu ko uku cikin jirgin ruwa su kwantar da shi.

Ba shi kaɗai ba ne. Waɗanda suka yi lakkol sun san kalmar nausée. Asalinta daga Girkanci ne, naus, wato jirgin ruwa. Likitan Girka Hippocrate ya yi maganar yadda tafiyar teku ke dagula jiki shekaru kusan 2,400 da suka wuce. Likitocin ƙasar Sin, tun wajen shekara ta 300, sun ba jirin amalanke suna dabam, na jirgin ruwa suna dabam. Nelson, babban kwamandan jiragen yaƙin Ingila, ya yi rayuwarsa duka a teku yana fama da shi. Charles Darwin ya yi shekara 5 cikin jirgin Beagle, daga 1831 zuwa 1836, bai taɓa sabawa ba. Ashe dai abin bai san jarumi ba, bai san malami ba.

Gyaɗa ta kawo mota, mota ta kawo leda

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma daga nan gyaɗa ta zama kuɗi. Da farko jakuna da raƙuma ke kai ta kudu. Sannu a hankali kamiyo ya karɓe aikin. Bayan ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon garin Maradi na cikin fadama, aka dawo kan tudu, sabon gari ya tashi da kantunan Turawa da manyan motoci. A 1953 aka fara abin da ake kira Opération Hirondelle, ana jigilar gyaɗar Nijar da mota zuwa Paraku, daga can jirgin ƙasa ya kai ta Kwatano. A 1962 aka kafa SONARA. Alhazan Maradi da muke jin labarinsu, da yawansu da gyaɗa da mota suka tashi.

Talaka kuwa, tafiyarsa bisa buhunan gyaɗa take, kan hanya mai gargada, ga ƙura, ga hayaƙin gazuwal. A wannan zamanin ne jirin tafiya ya bar zama labarin alhazai ya zama na kowa: amarya da za a kai Tasawa, almajiri mai zuwa Zariya, tsohuwa mai zuwa asibitin Galmi.

To a nan ne tasha ta zama makaranta. Ba tare da wani littafi ba, direbobi da 'yan kamasho suka tara ilmi. Mai jiri a ba shi gaba. Ya dubi hanya can nesa, kar ya sunkuyar da kai. A buɗe masa gilas iska ta buge shi. Kar ya cika ciki da maiƙo kafin a tashi. Ya riƙe lemun tsami, ko citta, ko ɗan goro. Kuma kowa ya lura da abu guda: direba ba ya amai. Yaron da ke galabaita a kujerar baya, ranar da ya kama sitiyari shi ke nan ya warke. Linzamin doki ne ya dawo da wata kama.

Amma tasha ta tara har da rashin adalci. Budurwa ta yi amai a mota, sai a fara kallon juna ana gyaɗa kai. Namiji ya yi, a ce rago ne. Mutumin ƙauye ya yi, a ce “bai saba ba, baƙauye na”. Wasu ma su ce iska ce ta taɓa shi. Har gobe akwai matan da ke ƙin cin komai tun daren jajibirin tafiya, su yi kilomita fiye da 600 zuwa Yamai da yunwa, don gudun kunya.

Abin da sanƙarau ya koya wa masu zuwa sama

Amsar tana cikin kunne. Can ciki, bayan inda ake jin sauti, akwai 'yan bututu 3 masu lanƙwasa cike da ruwa, da 'yan jakunkuna 2 masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi. In ka juya kai, ruwan ya motsa. In mota ta zabura ko ta ja burki, tsakuwoyin su zame. Da haka ƙwaƙwalwa ke sanin inda sama take da inda ƙasa take ko ido na rufe. Duk wanda ya yi wasan hajijiya yana yaro ya san aikinsu: ka tsaya, amma ruwan bai tsaya ba, sai gari ya ci gaba da juyawa.

A 1882 wani malamin Amurka, William James, ya bincika kurame fiye da 500, ya tarar da yawansu ko an juya su ba sa jin jiri. Zancen ya sake tasowa lokacin da Amurka da Rasha suka shiga tseren zuwa sararin samaniya. A watan Agusta 1961, Gherman Titov na Rasha ya zama mutum na farko da ya yi amai a can sama. Hankalin masana ya tashi.

Tsakanin 1958 da 1968, hukumar NASA da sojan ruwan Amurka sun yi aiki da wasu kurame 11 daga makarantar Gallaudet ta birnin Washington. Goma daga cikinsu sanƙarau ne ya kashe musu kunne tun suna yara, ya haɗa da waɗancan bututu na ciki. Mu da ke zaune tsakiyar yankin sanƙarau, muka ga annobar 1995 da 1996 da idonmu, mun san irin ɓarnar da yake bari. An sa wasu daga cikin mutanen nan a ɗaki mai juyawa har kwana 12. An sa su cikin jirgin sama mai faɗowa kamar dutse. An kai su teku a gaɓar Kanada cikin guguwa. Su suna ta karta abinsu, likitocin da suka zo auna su kuwa amai ya kwantar da su har aka dakatar da gwajin. Ba kowane kurma ke haka ba, sai wanda cutar ta lalata masa wancan sashe. Amma an samu hujja: in babu ma'aunin cikin kunne, babu jirin tafiya.

A 1975 wasu masana biyu na Ingila, Reason da Brand, suka tsara bayanin da aka fi yarda da shi har yau. Ƙwaƙwalwa na karɓar labari daga ido, daga cikin kunne, da kuma gaɓoɓi, tana gwada shi da abin da ta saba. In shaidun suka saɓa, rikici ya tashi. Kana kujerar baya kana karanta saƙon WhatsApp: ido ya ce zaune muke, kunne ya ce ƙarya ne, gudu muke. A 1977 wani mai suna Michel Treisman ya kawo dalilin da zai sa rikicin ya ƙare a ciki. A ganinsa, tun asali abin da ke rikita ido da kunne haka guba ce, sai jiki ya ɗauka an ci wani mugun abu, ya yi maza ya fitar. Hasashe ne, amma ya zauna da kyau.

Magani ma da tsautsayi aka same shi. A 1947, a asibitin Johns Hopkins, an ba wata mai juna biyu maganin borin jini, sai ta dawo ta ce jirin mota da ta yi fama da shi duk rayuwarta ya ɗauke. A 1948 aka gwada shi kan sojoji cikin jirgin ruwa daga New York zuwa Jamus, ya yi aiki. Shi ne Dramamine, ɗan uwan Nautamine da ake saya a farmasi. Aibinsu guda: suna sa barci.

Akwatin zugazugi

Yanzu mu zo kan horo. Koyon tuƙin jirgin sama a cikin jirgin gaske na cin kuɗi, yana cin rai. A 1929 wani Ba'amurke, Edwin Link, wanda mahaifinsa ke da masana'antar kayan kiɗa masu aiki da iska, ya ƙera wani akwati mai kama da kan jirgi. Da zugazugi yake motsi, kusan irin na maƙeranmu. Ɗalibi ya shiga a rufe shi, ya koyi tuƙi da agogunan gabansa kawai, kamar cikin hazo. Ba a kula shi ba sai 1934, da sojojin sama suka karɓi jigilar wasiƙu, matuƙa wajen 12 suka mutu cikin 'yan makonni. Nan da nan aka sayi akwati 6. A yaƙin duniya na biyu, matuƙa fiye da 500,000 sun bi ta cikinsa.

Akwatin Link ba ya nuna waje. Matsala ta ɓullo ne da aka ce bari a ƙara masa hoto. A shekarun 1950 sojan ruwan Amurka suka samu na'urar koyon tuƙin helikofta mai babban allo, ƙasa da sama na gudu a gaban ɗalibi, kujera kuwa ko motsi. A 1957 rahoton farko ya fito: yawancin masu shiga na fitowa da jiri. Abin da ya fi ba kowa mamaki, malaman da suka daɗe suna tuƙa helikoftan gaske sun fi sababbin ɗalibai galabaita.

Kun ga yadda abin ya juye? A kan raƙumi, baƙo ke wahala. A cikin na'ura, gwani ke wahala. Jikin gwani ya haddace yadda kowane lanƙwasa ke ji. Ido ya ce mun karkata, jiki ya jira nauyin da ya saba ji, shiru. Sabon shiga bai san abin da zai jira ba. Haka ma aka gani daga baya a na'urorin koyon tuƙin mota: manya sun fi matasa yawan cewa a tsaya, ba za su iya ba.

Wannan ruɗin ido kowa ya taɓa ɗanɗana shi. Kana zaune cikin bas a tasha, na kusa da ku ya fara ja da baya, sai ka ji kamar naku ne ya tashi, har ka dafe kujera. Daƙiƙa biyu ne ya wuce. To a ce an riƙe ka cikin wannan hali minti 20.

Daga silin zuwa kwali

Gilashin farko da aka haɗa da kwamfuta Ivan Sutherland ne ya yi shi a 1968, kuma a silin aka rataye shi. A shekarun 1990 kamfanonin wasanni suka yi rububin fito da nasu, jama'a suka gwada, kai ya yi ciwo, kasuwa ta mutu. A 1993 Robert Kennedy da abokan aikinsa, masu bincike ne ba 'yan siyasa ba, suka tsara takardar tambayoyi mai alamu 16, daga ciwon kai da gajiyar ido zuwa gyatsa da zufa, wadda har yau da ita ake auna wanga jiri.

Abin ya farfaɗo a 2012 da gilashin Oculus, wanda Facebook ya saye a 2014 kan dala biliyan 2. A shekarar nan kuma wasu injiniyoyin Google biyu a Paris suka fito da Cardboard: kwali ne zalla da 'yan madubai biyu, ka zura wayarka ciki. Daga nan abin ya sauko inda hannun talaka zai kai.

Afirka ma an fara. A Lusaka ta Zambiya an yi amfani da gilashin wajen koya wa sababbin likitoci tiyatar sankarar bakin mahaifa. A Legas da yankin Busia na Kenya an gwada shi da wayoyi masu araha kan ma'aikatan jinya da ungozomomi 274, don su riƙa maimaita yadda ake ceto jaririn da aka haifa bai numfasa ba, aka buga sakamakon a 2021. A Jami'ar Pretoria an buɗe cibiyar koyar da aikin ma'adinai da irin wannan fasaha a 2015. Mu kuma ga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da sashenta na likitanci, ga makarantun kiwon lafiya da na koyon sana'a, ga layin dogo na Kano zuwa Maradi mai kilomita 284 da aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021. Direbobin jirgin ƙasa a wurare da dama yau har da na'urar kwaikwayo ake horar da su. Ba sai an yi duba ba, abin na tafe.

Kuma alheri ne. Gara ɗaliba ta yi kuskure sau 50 kan jaririn hoto da ta yi sau ɗaya kan na gaske. Gara yaro ya kifar da tirela cikin gilashi da ya kifar da ita a kasuwar Tsibiri ranar Laraba.

Motsin ne matsala

Abin da shekarun nan suka koyar shi ne, yawanci ba gilashin kansa ke kawo jiri ba, yadda ake tafiya cikinsa ne. Ungozomar da ke tsaye gaban tebur tana duban jariri, in ta juya kai hoto ya juya tare da ita, ido da kunne sun yarda da juna. Amma a ce ta danna maɓalli hoto ya ɗauke ta ya bi da ita lungu-lungu na asibiti alhali ƙafarta na wuri guda, nan take rigima ta tashi.

Dabarun da masu ƙera abin suka ɓullo da su, in ka duba, ilmin tasha ne. Maimakon a ja mutum a hankali, sai ya nuna inda yake so ya je, hoto ya ɗauke ya dawo, ga shi can: ba a ga tafiya ba, balle kunne ya musa. In zai waiwaya, hoto ya juya tsalle-tsalle. In dole a yi gudu, sai a duhunta gefe-gefen ido a bar tsakiya, kamar mai duban hanya can nesa. Ana barin wani abu tsayayye a gaban mutum, kamar allon mota. A 2015 masu bincike a Jami'ar Purdue har hanci suka zana a tsakiyar hoton, suka ga mutane sun ƙara jimawa kafin jiri ya kama su. Sannan a bar linzami hannun mai gilashi: duk lokacin da wani ne ke juya masa hoto, ya koma fasinjan kujerar baya.

Ingancin na'ura ma na da nasa. In ka juya kai hoto ya makara ko da ƙiftawar ido ne, jiki na ganewa. Shi ya sa masu ƙira ke neman jinkirin ya gaza kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa, hoto kuma ya sabunta wajen sau 90 a daƙiƙa. Kwali da tsohuwar waya ba su kai nan. Suna bin juyin kai, amma in ka matsa gaba ko ka sunkuya, duniyar ba ta matsawa da kai. Mu kuwa mun san irin kayan da ke fara isowa wajenmu: masu araha, da waɗanda wasu suka gama yayi.

Wa za a bari a baya?

Nan ne zancen ya shafe mu kai tsaye. Jirin tafiya bai raba daidai ba. Ya fi kama yara 'yan shekara 6 zuwa 12, mata sun fi maza yawan kokawa da shi, musamman masu juna biyu, haka masu ciwon ɓarin kai. A 2020 wata mai bincike, Kay Stanney, da abokan aikinta sun nuna cewa babban dalilin da ya sa gilashin ya fi wahalar da mata shi ne an auna shi da fuskar maza. Tazarar da ke tsakanin idanun mata da yawa ta fi ƙanƙanta, madubin bai daidaita ba. Da aka ba su wanda ya dace da idonsu, bambancin ya kusan ɓacewa.

To ku auna. Wata ƙungiya ta kawo formasiyo na kwana 3, gilashi 5, mutum 40, a watan Afrilu, ɗaki ba fanka. An ɗaura wa kowa minti 30. Wa zai fara cirewa? Sajfam mai shekara 20 tana karɓar haihuwa, da tsohon direban da ya san kowane rami daga nan zuwa Diffa. Wa zai daure har ƙarshe? Yaron da ya saba wasan bidiyo. In da wannan aka raba takardar shaida, an zaɓi masu ƙarfin ciki, an zubar da masu ƙarfin aiki. Kuma da yake mun gaji kunyar amai tun daga tasha, da yawa ba za su faɗa ba. Za su ce abin bai dame su ba, ko su ƙi dawowa gobe, a rubuta cewa mutanen nan ba su son ci gaba.

Don haka duk makaranta ko ƙungiya ko oto-ekol da za ta kawo wannan abu, ga abin da tarihi ya ba mu haƙƙin tambaya. A fara da minti 5 zuwa 10, a ƙara sannu-sannu cikin kwanaki, don jiki na sabawa kamar yadda matafiyin teku ke sabawa bayan kwana 2 ko 3. A daidaita madubi da idon kowa kafin a kunna. A samu iska da ruwan sha. A gaya wa kowa tun farko cewa jiri ba abin kunya ba ne, kuma da ya ji zufa ko hamma ko miyau na taruwa ya cire nan take, don daurewa ƙara shi take. A goge gilashin tsakanin mutum da mutum, kar a je neman ilmi a dawo da apolo. Kar a sha maganin jiri don a daure, barci zai sa, karatun ya tashi a banza. Wanda jikinsa ya ƙi sam, a ba shi wata hanyar koyo da ta jarrabawa.

Sai na ƙarshe, wanda ya fi kowanne haɗari a garinmu. Jirin na iya biyo mutum bayan ya cire gilashi, ƙafa na layi, ido bai gama dawowa ba. Sojojin sama na ƙasashe da dama ba su barin matuƙin da na'ura ta sa wa jiri ya tashi da jirgi sai ya warware. Mu nan ɗalibi zai fito ne ya haye babur, ko ya kama kabu-kabunsa ya ɗauki mace da goyo ya shiga cunkoson babbar kasuwa. A zaunar da shi tukuna har ya dawo daidai.

Kowane abin hawa da ya iso ƙasar nan ya zo da jirinsa, kuma kowane karo mutanenmu sun gano yadda za su zauna da shi. Na wannan karo bai ma iso sosai ba mun riga mun san sunansa da dalilinsa, wanda alhazan Sawakin da fasinjojin buhun gyaɗa ba su samu ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Direbobinmu na tashar Maradi da ta Tsibiri, iyayenmu mata, da ɗalibanmu da suka taɓa ɗaura gilashin nan a Yamai ko Kano ko wani wuri, ku faɗa mana yadda kuka ji da dabarar da ta yi muku aiki, za mu karanta a shiri mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya kiyaye hanya, ya sauke kowa lafiya.